Mama, Nawa?

Maman Auta ba ɓarauniya ba ce, wannan kowa a layin shagunansu zai shaide ta. Tela ce da ko guntun ƙyalle ya ragu a ɗinkinka sai ta ninke ta cusa maka a leda. Amma ga shi an wayi gari ta sace sunan 'yar cikinta tana yawo da shi a jaka, kuma abin takaicin, daɗinsa take ji.

Auta tana 'yar aji ɗaya a firamare ciwon sukari ya kama ta, irin wanda sai da allura kullum. Tun daga ranar uwar ta ɗaura ɗamara. Ta koyi soka ɗan yatsa, ta koyi karanta lambar da ɗan injin awo ke nunawa, ta koyi kallon faranti ta san abin da zai yi wa jini tun ba a kai loma baki ba. A ɓangaren yara na asibiti har suna suka laƙaba mata, Ƙaramar Likita. In an kira ta da shi sai ta ce kai ku bari, alhali kunnenta na buɗe ko za a sake. Auta ta girma, ta gama sakandare, ta iya awo, ta iya yi wa kanta allura ko ido rufe. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba, wato yanke yawan ruwan allurar da za ta ɗura. Ko a gida take, ko a makaranta ta waya, in abinci ya zo sai ta auna, ta faɗi lamba, ta ce, “Mama, nawa?” Uwar ta ba ta amsa, ƙafarta ko sauka daga keken ɗinki ba ta yi ba.

Da Auta ta cika sha takwas, tsohon likitan yaran ya cire tabarau ya ce to, kujerun nan sun yi mata kaɗan, sai ɓangaren manya. Can babu zanen zomo a bango, kuma can mai ciwo ake tambaya, ba uwarsa ba. Don kada matasa su ɓace tsakanin ƙofar da suka fito da wadda za su shiga, asibitin ya yi musu wata manhaja ta waya. A ciki mutum zai shigar da awonsa, ya tambayi nas abin da ya shige masa duhu, sannan akwai zauren da matasa masu ciwon ke hira su kaɗai. To a ranar wayar Auta na wurin mai gyara, gilashinta ya tsage. Aka ce a sa a ta Mama kafin a karɓo.

Washegari Auta ta tafi kai wa wata mata ɗinki, waya ta yi ƙara a kan teburin yanka. Nas ce mai kula da matasan, wadda kowa ke kira Sista, tana yi wa Auta maraba, tana tambayar awon safe. Maman Auta ta san lambar fiye da mai ita, sai ta rubuta. Wannan ai ba wani abu ba ne. Sai Sista ta ƙara da tambaya, me za ta yi in sukarinta ya faɗi tana kan hanya? Nan ne Ƙaramar Likita ta motsa. Ta ture almakashi gefe, ta zuba amsa tsaf, har da abin da ake ajiyewa a aljihu da yadda ake sake awo bayan an sha. Sista ta rubuto cewa madalla, da duk yaranta haka suke da ta huta. Maman Auta ta karanta ta sake karantawa. Tun da suka bar ɓangaren yara ba wanda ya ƙara yaba mata, sai ga yabo ya biyo ta har shago, ko da yake da sunan wata ya zo.

Aka karɓo wayar Auta daga gyara. Sau ɗaya ta tambaya, abin nan na asibiti fa? Uwar ta ce lambobi ne kawai, tana shigar mata. Auta ta ce Allah ya bar mata Mama, ta koma kallon bidiyonta. Ita ma ba son maganar ciwon take ba, wa zai ga laifinta.

Sannu a hankali Maman Auta ta shiga zauren. Da fari leƙe kawai take yi. Akwai wani Dogo, mai koyon walda, sarkin ƙwallo da surutu, sukarinsa kullum sai ya faɗi bayan wasa. Ta ga shirmen da 'yan uwansa ke ba shi a matsayin shawara, ta kasa haƙuri, ta gyara masa. Ya gwada, ya dawo yana kiran Auta shugaba. Shi ke nan. Mace mai jikoki biyu ta koyi gutsure kalmomi irin na yara, ta koyi liƙa 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Baban Auta, direban babbar mota ne da bai cika zama ba, ya dawo ya tarar da ita tana yi wa waya murmushi, ya ce in saurayi ta yi ta ce masa ya zo ya taya shi canza taya. Ta harare shi, ta kife wayar.

Wata rana da azahar hira ta juya kan iyaye mata. Dogo ya ce tasa a bakin ƙofa take tare shi ta shinshina bakinsa. Wata ta ce tata kwandon shara take tonawa ta ƙirga tsinken awo. Wani ya ce tasa ta fi 'yan sandan hanya, su ko gaisuwa suna amsawa. Suna ta dariya, Maman Auta kuwa kunnuwanta sun ɗau zafi, don babu ko ɗaya a ciki da ba ta aikata ba. Mai kunya a nan zai rufe waya ya koma bakin ɗinkinsa. Ita sai ta rubuta cewa ita dai mamarta daban ce, ba don ita ba da tuni babu ita, kuma ba ta taɓa nuna ta gaji ba. Ta aika.

Yaran suka yi ta turo zuciyoyi jajaye. Ita kuwa ta zauna da waya a cinya kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. An ce yabon kai jahilci, to ina ga wanda ya ari bakin 'yarsa ya yi? Akwai wurin gogewa, ta san inda yake. Ba ta goge ba. In shago ya yi shiru takan koma ta karanta, ta ji kunya ta rufe ta, ta sake karantawa.

Ana haka abu biyu suka zo a mako ɗaya. Auta ta samu gurbi a wata kwaleji a wani gari mai nisa, da ɗakin kwana a can. Sista kuma ta rubuto cewa ana darasi kowace Asabar don matasan da za su bar gida, yadda mutum zai yanke allurarsa da kansa, amma ta ba wani gurbin Auta, don Auta ta wuce nan. Abin da take roƙo, ranar da Auta za ta zo ganin likita karo na farko ta ɗan yi wa sababbin shiga bayani.

Nan Maman Auta ta gane abin da ta yi. Da hannunta ta cire 'yarta daga darasin da ta fi kowa bukata. Ta lallashi kanta da cewa ai akwai waya, Auta za ta kira daga can kamar yadda ta saba. Baban Auta, wanda bai san komai kan manhajar ba, shi ya fasa mata wannan ƙwan. Yana shan shayi ya ce shi fa ya san hanyoyi, akwai wuraren da waya ke zama dutse. In yarinyar nan ta kira ba ta same ki ba fa? In ke ce kika kwanta? Bai ƙarasa ba, ya kurɓi shayinsa.

Ta yi niyyar faɗa wa Auta, Allah ya sani ta yi. Sai ta buɗe baki ta hango wancan saƙon na yabo, maganar ta maƙale. Ranar zuwa asibiti a cikin bas ta fara cusa mata karatun shekaru: in zazzaɓi ya kama ki kaza, in kina amai kaza. Auta ta zare abin kunne ɗaya na sauraron waya ta dube ta.

“Mama, yau kuma lafiya? Ai kina nan.”

Ɓangaren manya baranda ce doguwa mai warin maganin wanke ƙasa, da benci jere da bango. Tsofaffi ne zaune, wani da sanda, wani da ƙafa naɗe da bandeji, kowa riƙe da katinsa. Sista ta fito, gajeriyar mace mai saurin tafiya, ta kama hannun Auta biyu kamar ta ga ƙanwarta da ta daɗe a tafiya. Maman Auta ta gyara jaka za ta bi su, Sista ta tare ta da murmushi, ta ce iyaye a nan suke jira. Mace da ta shekara goma sha biyu tana shiga ɗakin likita ba sallama, yau ga ta a benci kusa da wani tsoho mai gyangyaɗi. Sai dai tagar ɗakin irin mai gilasai jere ce, a buɗe take saman kanta, komai tana ji.

Ta ji jan kujeru, ta ji wata murya mai kauri ta ce a'a, shugaba da kanta. Dogo ne, ko ba a faɗa ba ta gane shi. Ya shiga godiya kan maganar ƙwallo, ya ce tun daga lokacin bai ƙara faɗuwa ba. Auta ta ce to, to, da 'yar dariyar da take yi in baƙo ya ɗauke ta wata. Sista ta gabatar da ita da kirari, sannan ta ce ta gaya wa sababbin abin da take yi ranar da zazzaɓi ya kama ta ba ta iya cin abinci.

“Ina tambayar Mama,” in ji Auta.

Ɗaki ya fashe da dariya, sun ɗauka barkwanci ne irin nata na zaure. Da dariyar ta lafa aka jira sauran. Babu saura. Sista ta ce kada ta ji kunya, ta faɗa kawai. Can Auta ta ce da ƙaramar murya, in mutum bai ci abinci ba ai sai ya bar allurar. Maman Auta ta runtse ido. Wannan amsar ce ke kai yara ɗakin gaggawa a sume, kuma 'yarta ce ta bayar, 'yar Ƙaramar Likita.

Sista ta ce ikon Allah, ko dai tsoron mutane ne? Bari ta tuna mata da abin da ta rubuta da kanta. Ta karanto daga wayarta: ranar rashin lafiya ko ba a ci komai ba ba a daina allurar dogon zango mai aiki dare da rana, a yawaita awo, a sha ruwa, in amai ya ƙi tsayawa a nufi asibiti, kuma kada mutum ya ce ai ya san jikinsa, don ba a yanka yadi da ido.

Ba a yanka yadi da ido. Auta ta ji wannan maganar a shago tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka. Maman Auta ba ta ganin cikin ɗakin, amma ta san daidai lokacin da 'yarta ta juyo ta kalli ƙofa. Ta dafa benci za ta tashi. Taku kaɗan ne, ta tura ƙofa ta ce ni ce, ku ƙyale yarinya.

“Ni na rubuta,” ta ji Auta ta ce. “Kwafowa na yi daga wani wuri. Duk abin da na rubuta kwafe ne. Ku yi haƙuri.”

Wani ya yi tsaki. Dogo ya ce haba shugaba, a hankali, kamar an taka shi. Maman Auta tana nan dafe da benci, ba a zaune ba, ba a tsaye ba. Yarinyar da ko ƙaryar ta yi wanka ba ta iya ba ta ɗauki sunan maƙaryaciya a gaban sa'o'inta don ta rufa wa uwarta asiri, uwar kuma ta koma ta zauna. Ta zauna ɗin. Tsohon da ke gyangyaɗi ya farka ya tambaye ta ko an kira lamba ta gaba, ta ce ba ta sani ba.

Da aka tashi yaran suka fito suna kauce wa ido. Sista ta tura Auta ɗakin likita, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana danna waya, ko kallon benci ba ta yi ba. Jakar Maman Auta ta yi ƙara a cinyarta. A barandar nan mai shiru sai ka ce an buga ƙararrawa. Sista ta ɗago, ta dubi jakar, ta dubi mai jakar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da an samu sauƙi. Cewa ta yi, “Mama, saƙon na Auta ne. A ba ta.” Ta juya da saurin tafiyarta.

Suka hau bas. Auta ta jingina da taga, abin kunnen na hannunta ba ta sa ba. Suka sauka, suka sayi shinkafa a wurin mai abinci na bakin layi kamar kullum, suka buɗe shago. Maman Auta ta ciro wayar ta ajiye a kan teburin yanka, ta tura ta da ɗan yatsa har gaban 'yarta. Saƙon Sista na sama: darasi ranar Asabar, an ƙara kujera ɗaya.

Auta ta zauna kan kujerar kwastoma ta fara karantawa daga farko. Uwar ta ɗauko wata riga da ba ta bukatar komai ta rataya a jikin gunkin gwaji tana ja mata baki. Ta gefen ido take ganin ɗan yatsan Auta na tura rubutu sama. Wani wurin har ta ɗan murmusa, don Autar cikin waya akwai ban dariya, ga ilimi, ga farin jini. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wannan Autar ta fi ta komai, ta ina za ta shiga bayanta?  Sai ɗan yatsan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, kuma Maman Auta ta san inda ya tsaya. Da ƙasar shagon za ta tsage da ta gode mata.

“Mama.”

“Na'am.”

“Wannan da kika rubuta a kanki.” Auta ta ɗago, idonta ya yi ja amma ba ta kuka. “Da kin tambaye ni, da na faɗa da bakina. Har abin da ya fi haka.”

 Maman Auta ta juya ga rigar.

Auta ta koma kan wayar ta yi rubutu gajere. Daga baya uwar ta san abin da ta sa a zauren: ita sabuwa ce, ba ta san komai ba, wanda zai iya haƙuri da ita ya koya mata. Ba ta ambaci kowa ba. Sannan ta jawo ledar abinci ta juye a faranti, ta wanke hannu, ta soka yatsa, ta karanta lambar a fili kamar yadda ta saba. Ta ɗauko allurarta mai kamar biro ta cire murfi.

“Mama, na…”

Ta tsaya da kanta.

Amsar na kan harshen Maman Auta. Tun daga ganin tudun shinkafar da jin lambar lissafin ya gama kansa, kamar yadda take sanin faɗin kafaɗar mutum yana shigowa. Kalma ɗaya ce, ta faɗa yarinya ta ci abincinta da zafi, gobe a fara gyara. Ta miƙa hannu cikin gwangwanin fil, ta ɗebo, ta jera su a leɓenta kamar yadda take yi in za ta kama bakin riga, ta durƙusa gaban gunkin.

Auta ta dube ta, ta dubi fil ɗin. Ta jawo takardar yankan samfuri da guntun alli, ta fara lissafi. Ta rubuta, ta goge da gefen hannu, ta ƙirga da yatsu, ta sake. Uwar na hango lambar a juye daga inda take. Ta farkon ba daidai ba ce, ta danne leɓe har fil ya soke ta. Ta biyun ta matso. Auta ta ɗauki hoton takardar da na farantin ta aika wa Sista, ta ajiye wayar, ta harɗe hannu tana jira.

Wayar ta yi shiru, wataƙila Sista na tare da wani. A waje mai gyaran takalmi na ta ƙwanƙwasa, wata mota ta wuce. Tururin shinkafar ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Tun da aka haifi Auta uwarta ba ta taɓa bari ta ci abinci mai sanyi ba. Tana nan durƙushe tana kama bakin rigar da tuni ta gama, bakinta cike da fil, tana jin ɗanɗanon jini kaɗan-kaɗan, ba ta cire ko ɗaya ba.